Takardar dagaci tana kare gonar da aka ce ta faɗa cikin gandun Kuyambana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da bayani. Ƙauye ne a bakin dajin Kuyambana, ƙasar Ɗansadau, ƙaramar hukumar Maru. Mutane sun yi sabon sara, kowa na riƙe da takardar dagaci, sai malaman daji suka ce gonakin suna cikin gandu. Ta yaya ake gane iyakar gaskiya? In aka tashe su, akwai diyya?

Tsohon malamin daji:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ɗaya ce, takardar dagaci ba ta fitar da ko taki ɗaya daga cikin gandu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Ƙaramar hukuma na iya ba da izinin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, amma ba a filin da gwamnati ta riga ta keɓe ba. Kuyambana gandun jiha ne, ba kamar Kamuku da ke maƙwabtaka da shi ta Birnin Gwari ba, wanda ya koma hannun tarayya a 1999. Don haka Gusau za a nufa, kuma sai gwamnati ta yanke wani yanki ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kafin ya halatta a noma shi.

Abin nema na farko shi ne kwafin gazet ɗin da aka kafa gandun da shi, tare da taswirarsa. A rubuta wa sashen gandun daji na jiha. In babu, a tuna Zamfara sai 1996 ta fita daga Sakkwato, tsofaffin fayiloli na iya kasancewa can. A ƙarshen irin wannan gazet akan jera haƙƙoƙin da aka bar wa mutanen gefe: itacen girki, ciyawar jinka, 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya, hanyar wucewa. Wani lokaci har da sunayen ƙauyukan da aka zagaye aka bar musu filinsu a ciki. Ƙauyen da ke da suna a wurin yana da ƙafar tsayawa. Farauta kuwa kada ma a tayar da maganarta, don gwanki da giwa da ɓauna aka keɓe dajin.

Safiyo daga Gusau:
Baba ya gama magana ta fuskar doka. Wajen awo ake yawan yin ɓarna. Gazet yana bayyana iyaka ne da kusurwa da nisa daga wannan turken siminti zuwa wancan, ko ya ce a bi rafi kaza. To rafi yana sauya kwanciya, turaku kuma wasu an tumɓuke, wasu ƙasa ta binne. Sai an samu aƙalla biyu da ba su motsa ba kafin a ja layi.

Kada a dogara da GPS na waya. Ko a fili yana kuskuren 'yan mitoci, ƙarƙashin itatuwa ya fi haka. Babbar matsalar ma, tsofaffin taswirorin Najeriya a kan tsarin awo na Minna aka yi su, waya kuwa tsarin awo na duniya, WGS84, take bi. In ba a daidaita su ba layin zai goce da gomman mitoci, kuma wannan ya isa ya cinye gonar mutum sukutum. A yi awon gaban hakimi da malamin daji da wakilin manoma, kowa ya sa hannu a ranar.

Ɗan Ardo:
Yallaɓai, ku sa mu cikin lissafin. Duk zaman da aka yi babu Ardo, an ɗage rigimar ne zuwa kaka. Sabon sara a bakin gandu burtali da mashaya yake fara ci. Shanu su rasa hanya, ko su faɗa gero a ci makiyayi tara, ko su kutsa gandu a kama shi. Kuma ba mai gayauna ne ya fi cin dajin ba. Manyan da aka yanka wa ɗaruruwan hekta da masu ƙona kirya da marke su loda gawayi a tirela, su, wa ya tashe su?

Tsohon malamin daji:
Maganarka dutse, ɗana. Batun diyya kuma, Malam, dokar 1978 ba ta biyan kuɗin ƙasa, abin da aka kafa a kanta take biya: gini, rijiya, itatuwan amfani, shukar da ke tsaye. Shi ma ga mai halastaccen izini ne. Wanda ya shiga bayan an kafa gandu, abin da akan roƙa masa shi ne a bar shi ya kwashe amfanin bana, sannan a nema masa wani fili. Ƙauyen da ya riga gandun zama ya tattara shaidarsa tun yanzu: kufai, makabarta, tsofaffin kukoki, rasit ɗin haraji, da dattawan da za su iya nuna wurin. A kai ƙorafi a rubuce ta hannun masarautar Ɗansadau, a karɓi kwafi mai hatimi. Zuwa neman turaku a cikin dajin kuwa, da halin 'yan bindiga da ake ciki, kada kowa ya taka sai da sanin jami'an tsaro.