Neman shawara: Baba ya ce shi ya ƙare, me za mu ce masa?

Rabi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mahaifinmu tela ne a babbar kasuwar Maradi. Wata biyu ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana zuwa wajen kine, wato masu gashi da motsa jiki a asibiti, ƙafar ta fara ɗauka, amma ya daina hira, kullum sai "ni na ƙare". Mu ce ya yi haƙuri, ya juya mana baya. Masu aikin ergo, masu taimaka wa majiyyaci ya koma ayyukansa na yau da kullum, yaya kuke magana da irinsu?

Malam Issoufou:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Haƙuri gaskiya ne, amma in shi ne amsar farko, abin da yake ji shi ne "yi shiru". In ya ce ya ƙare, ki zauna daidai da shi ki ce: "Baba, me ya fi yi maka ciwo cikin abin da ka rasa?" Ki jira, ko da minti guda zai yi bai tanka ba. Kada a yi masa alkawarin zai koma kamar da. An fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko, sai dai ba mai sanin iyakarsa, kuma alkawarin da bai cika ba yana kashe yarda.

Daga nan mukan juya hirar zuwa aiki, bisa tsarin COPM, wani ma'aunin yadda mutum yake iya ayyukansa na yau da kullum, da aka fitar a Kanada a 1991. Shi zai lissafa abubuwan da ya fi son ya iya yi, kada su wuce 5: alwala, sa riga, zuwa masallaci, shago. Kowanne ya ba shi maki 1 zuwa 10 kan yadda yake iya shi da yadda ya gamsu. Bayan wasu makonni a sake. Ƙarin maki 2 ci gaba ne na gaske. Shi zai zaɓa fa, ba ƴaƴa ba.

Hajiya Mariama:
Ƙanwata, ku rage yi masa komai, tausayin nan ne ke tabbatar masa ya ƙare. Wajen sa riga, hannun hagu ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne ƙarshe. Kada a ja shi ta wannan hannun, kafaɗar tana iya gocewa. Ku kawo yaran shagonsa gida minti 15 zuwa 20, ya duba awo, ya gyara musu yanka.

Malam Issoufou:
Na ƙara: kusan 1 cikin 3 na masu wannan ciwo suna faɗawa ciwon damuwa. In ya kai mako 2 ba ci, ba barci, ba sha'awar komai, ku faɗa wa likitansa, akwai magani. In ya ambaci son mutuwa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Rabi:
Na gode. Yau bayan la'asar zan fara da tambayar.