Wa ya kamata ya ci amanar sarkin nan, ƙane ko ɗa?

Yar Mabera:
Assalamu alaikum yan uwa, don Allah shawara nake nema wajen masu karance-karancen tarihi. Wani labari nake rubutawa ina sawa a guruf ɗinmu na WhatsApp duk bayan isha'i, mun kai shafi na 31 sai na maƙale. Masarauta ce na ƙirƙira da kaina na sa mata Kuka Bakwai. Wanda ya kafa ta maharbi ne, Jatau, fari ya koro su daga garinsu shi da ƙanensa Barmo da wasu yan gidaje, suka haƙa rijiya a gindin kukoki suka zauna, a hankali fatake suka fara yada zango, aka ja ganuwa, aka buga masa tambari. Yanzu ya tsufa, ni kuma tun farko na nuna cewa na cikin gida ne zai kayar da shi. Shi ne na rubuta Barmo ya je wajen boka an ba shi garin magani ya zuba masa a fura. Ina turawa wata ta ce ai dama kowa ya san haka za a yi, wata ko magana ba ta yi ba sai alamar hamma ta turo. Abin ya min ciwo amma da na sake karantawa ni kaina ban ga abin da zai sa mutumin da ya yi shekara talatin yana bin yayansa, har kibiya ya taɓa tare masa a shafi na 9, rana ɗaya ya tashi ya ba shi guba ba. To in bar shi a kan ƙanen ne ko in juya abin kan ɗansa Yarima?

Dan Kanwuri:
Wa alaikumus salam Malama. Ki aje boka gefe tukuna, shi ka kashe muna labarai, da marubuci ya rasa dalili sai shi aika mutum daji. Dibi abin da anka yi nan kusa da mu. Kanta da yak kafa Kabi, kufan birni nai Surame na nan wajen Binji har yau da ganuwar duwatsu, ai da farko tare sunka yi yaƙi da Askiya Muhammadu na Songhai. Sunka tai Agadas tare sunka ci nasara, wurin rabon ganima anka ɓata, wajen 1516, Kanta ya ga abin da anka ba shi bai kai wahalar da yash sha ba yaj juya baya. Rabo ne kawai yar raba su.

Shi ko Askiyan, ɗan cikinshi Musa yat tuɓe shi a 1528 bayan shekara 35 bisa mulki. Tsoho ya makance, wani babban bafade nai ya ɓoye ma mutane, kullum shina manne da shi shina isar da magana, ɗiyan sarki na kallo wani na daban ka juya ƙasa da sunan ubansu. Kin ga Musa na da abin da zai faɗa ma kainai shi samu barci. Da yah hau kuma sai yab bi yan uwa nai da kisa, 1531 su ma sunka gama da shi, ko shekara ukku bai cika ba. In ni ne ke, ido zan ɗauke ma Jatau. Ki sa ana zaman fada, baƙo ya faɗi gaisuwa ta hannun dama, sarki ya juya hagu inda ba kowa shina amsawa, fadawa duk sun duƙar da kai kamar ba su gani ba, Yarima kaɗai yat tsaya kallo.

Mai Shayin Gawon Nama:
Ni dai ina guruf ɗin, kuma wallahi in kika kashe Barmo na daina karantawa. Yariman nan tun ranar da ya sa aka daki mai kiwon dokinsa ban yarda da shi ba.

Gwaggon Yara:
Ɗiyata, maza duk fada suke kallo, alhali daga ɗakunan mata abin ke tasowa. Matan Jatau nawa ne, kuma uwar Yarima uwargida ce ko ƙwarƙwara? Sai kin amsa wannan. Ko a labarin Bayajidda da muka ji tun muna ƙanana, Bagwariya da ta haihu ta sa wa ɗanta Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta ce Bawo, wato a maido gari, tun yara na zanen goyo iyaye mata sun gama faɗan a cikin suna. Kuma kar ki mai da matan fadarki yan kallo, a Gobir sarautar Inna ba ƙaramar kujera ba ce.

Bari in ba ki nawa, ko da ba sarauta ba ce. Da mahaifinmu ya rasu, ranar sadakar bakwai ko tabarmin yan gaisuwa ba a naɗe ba baffanmu ya shigo ɗakin innarmu ya ɗaga katifa da hannunsa ya ɗauki takardar gonar fadama, inda ake mana albasa, kafin damina ya sayar. Na yi shekaru ko a biki muka haɗu ba na gaishe shi. Sai da na girma wata tsohuwa a dangi ta ce min ai tun suna samari shi aka cire daga makaranta ya riƙe gonar, babanmu aka bari ya yi karatu ya tafi aiki, shi ke ban ruwa cikin sanyin hunturu, amfanin kuma a raba biyu. Har yau ban ce ya kyauta ba, marayu ya cuta. Amma na gane cewa ranar da ya ɗaga katifar nan shi a ransa ba sata yake ba, kayansa ya zo ɗauka. Barmo naki da shi aka haƙa rijiyar, wa aka buga wa tambari?

Dan Arkilla:
Da girmamawa Gwaggo, ni ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba. Wa da ƙane sukan jure wa juna saboda sun ci wuya tare, 'ya'yansu ne ba su san wannan wuyar ba. Basasar Kano kenan. Abdullahi Maje Karofi da Bello duk 'ya'yan Sarkin Kano Dabo ne kuma duk sun yi sarauta, da Bello ya rasu a 1893 daga nan Sakkwato Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi suka fice Takai suna bin ɗan uwansu Yusufu, Yusufu ya rasu ƙanensa Alu ya karɓa ya ci Kano a 1894, Tukur aka kashe shi a 1895. Ki ba Barmo ɗa shi ma, ki kuma sa masu zaɓen sarki, don ba a hawa gado da wuƙa kawai sai wasu sun ɗaura rawanin.

Yar Mabera:
Kai Allah ya saka da alheri, Gwaggo labarinki ya tsaya min a rai. Ga abin da ya zo min: Barmo ne zai riƙa ɓoye makantar, da farko don rufin asirin yayansa, daga baya ya ji daɗin yadda hakimai ke sauka a ƙofarsa kafin su isa fada. Yarima kuma ya ga baffansa ya sace sarautar ubansa. Matsalar ita ce furar nan na riga na tura, mutum sama da ɗari sun karanta. In ce mafarki ne Barmo ya yi?

Dan Kanwuri:
A'a hwa Malama, mafarki ya hi boka muni. Kin ce garin magani anka ba shi, kin rubuta guba ce ƙarara?

Yar Mabera:
Na duba yanzu, ban rubuta ba, cewa kawai na yi ya waiga ya ga ba kowa ya zuba ya motsa da ludayi.

Dan Kanwuri:
To maganin ido ne, a ɓoye yan nemo shi don kar gari shi ji. Ki sa wata kuyanga na bayan zana ta gani, ta ruga ɗakin uwar Yarima.