"Ouch" na Bature: wayyo ne ko wash?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Jiya 'yata mai shekara 7 ta taɓa murfin tukunya da zafinsa, sai na ji ta ce "ouch!" ta fizge hannu. Abin ya tsaya min a rai, don ni da wayyo na tashi. Mene ne ainihin ma'anarsa?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. "Auc" ake furta shi. Kalma ce ta zafin da ya zo farat ɗaya, kamar tuntuɓe ko 'yar ƙuna. A Amurka aka fara ganinta a rubuce cikin shekarun 1830, kuma masu ƙamus sun fi karkata ga cewa daga bakin Jamusawan jihar Fensilbaniya ta shigo, don Jamusanci na da "autsch". Ni dai wayyo nake fassara ta a aji.

Tsohon Tela: Malam, a nan ban bi ka ba. Wayyo ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Na tsufa a kan keke, allura ta sha sokar min yatsa, kuma "wash" ne ke fita bakina, in tsotse jinin in ci gaba da ɗinki. Wayyo kuwa kiran agaji ce, shi ya sa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba: wayyo Allah, wayyo Inna, wayyo ni kaina. Ta mai naƙuda ce, da wanda gobara ta cinye wa rumfa. Wa mai cewa "ouch" yake kira?

Nas a Ingila: Baba ya yi gaskiya. Ka ce wa Bature "ouch" ranar da aka yi masa rasuwa, zai ga ka raina rashinsa. A wurin aiki ma, in allura ta shige su sosai, "au" nake ji, a ja ta da tsawo. Shi "ouch" sau da yawa don wani ake faɗinsa: ka nuna ƙafarka a kumbure, abokin aiki ya yamutsa fuska ya faɗe shi, kusan assha ke nan. Haka in an faɗi kuɗin haya mai tsada, ko aka yaɓa wa mutum baƙar magana a gaban jama'a.

Malamin Turanci: Na karɓi gyara, Baba. Amma wash ɗinmu har gajiya take ɗauka, tsoho ya zauna ya ce "wash Allah, bayana". Bature ba ya yi wa gajiya "ouch".

Ɗan Maraɗi: Hajiya, kwantar da hankalinki. Yaranmu na lakwal, wato makarantar boko, "aïe" na Faransanci suke cewa in sun buge gwiwa. Ran da kunama ta harbi ƙanena a rumbun gero, wayyo Inna ya ƙwala har maƙwabta suka fito. Jiki magayi.

Uwar Biyu: Na gode muku, hankalina ya ɗan kwanta. Na shafa mata zuma, yatsan bai tashi ba. Yau da daddare zan kai ta wurin kakarta ta ji yadda ake cewa wash.