Ziyarar kufan tarihi na Girka a jirgin ruwa: za ta yiwu ba tare da zaman giya ba?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Girka. Ni malamin tarihi ne a nan Sakkwato, ritaya ta matso, kuma burina shi ne in kai maiɗakina mu ga kufan tsoffin biranen da na shekara da shekaru ina koyarwa daga hoton littafi. Kamfanonin da nake gani suna tallata tafiyar mako guda a jirgin ruwa na alfarma mai tafiya da ƙarfin iska, wanda yake tashi daga kusa da Atina ya bi tsibirai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan dukkansu tsarinsu ɗaya ne: da safe a zaga kufai, da yamma a tafi gonar inabi a ɗanɗana giya, kuma kuɗin giyar yana cikin farashin tafiyar. Shin Musulmi zai iya samun wannan tafiya ba tare da wancan ɓangaren ba?

Hajiyar Arkilla:

Wa alaikumus salam, Malam. Za ta yiwu ƙwarai, amma shawarata ita ce kada ku sayi kujera a tafiyar da aka riga aka gina a kan giya, domin ko kun ƙi sha, a tsakiyar zaman za ku ci abincin dare, kuma kun biya kuɗinsa. Abin da ya fi shi ne ku haɗu da iyali biyu ko uku ku yi hayar jirgi guda da matuƙinsa da mai dafa abinci, ku rubuta musu tun kafin biyan kuɗi cewa ba a shigo da giya ko naman alade. A irin wannan haya ku ne kuke tsara hanya.

Idan kun bi tsibiran Sikiladis, kada ku tsallake Delos, wanda yake daf da Mikonos. Ba a barin baƙo ya kwana a cikinsa, tsibirin gaba ɗaya kufai ne, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Amma ni Akrotiri da ke Santorini ya fi kama zuciyata. Gari ne da tokar dutse mai aman wuta ta binne sama da shekara 3,500 da suka wuce, sai a 1967 masanin kufai ɗan Girka Spyridon Marinatos ya fara haƙarsa. An yi masa rufi, mutum yana tafiya a kan gadar katako yana leƙen lunguna, da gidaje masu bene, da magudanan ruwa, da manyan tuluna na ajiya a tsaye inda masu su suka bar su. Matakalar dutse da girgizar ƙasa ta tsaga gida biyu tana nan har yau.

Gonakin inabin ma ana iya ganinsu daga bakin hanya ba tare da an shiga ɗakin ɗanɗano ba, kuma sun cancanci kallo. Saboda ƙarfin iska da ƙarancin ruwan sama, manoman Santorini ba sa ɗaga kurangar sama. Suna murɗa rassanta a ƙasa ta zama kamar kwando, 'ya'yan su nuna a cikinsa. Duk wanda ya san wahalar noma a ƙasa mai fari irin tamu zai girmama wannan dabara.

Almajirin Ƙofar Atiku:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ina ƙara jaddada batun teburin, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da nisantar giya, kuma akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Zuwa kallon kufan kuwa, Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa domin a ga yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance.

Malam, tunda kai mai tarihi ne, ina ganin tsibiran gabas, na kusa da Turkiyya, sun fi dacewa da kai. Kos shi ne mahaifar Hippocrates, wanda littattafanmu na ɗibbu suke kira Buƙraɗu, kuma kufan Asklepiyon, inda ake jinyar marasa lafiya a zamanin da, yana kan tudu a bayan garin. Ilimin Girkawa ba baƙo ba ne a Sakkwato, domin Baturen matafiyi Hugh Clapperton ya rubuta cewa a zuwansa na biyu, a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Uƙlidis, masanin Girka na zamanin da, a fassarar Larabci, ya kuma tarar da shi yana karanta shi. Daga Kos sai Rodos, wanda Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓa a 1522. Har yanzu akwai Musulmi a waɗannan tsibirai biyu, kuma a tsohon birnin Rodos ana salla a masallacin Ibrahim Pasha.

Baffan Runjin Sambo:

Ƙanina, ni ta fuskar teku zan yi magana, domin masu talla ba su cika faɗin wannan ba. A watannin Yuli da Agusta wata iska mai ƙarfi da suke kira meltemi tana kaɗawa daga arewa a Tekun Ejiyan, wani lokaci ta yi kwanaki ba ta lafa ba, kuma ta fi tsananta a yankin Mikonos da Delos. Ƙaramin jirgi yakan maƙale a tasha, wanda bai saba da ruwa ba kuwa jiri da amai su hana shi jin daɗin komai. Ku zaɓi Mayu, farkon Yuni ko ƙarshen Satumba, lokacin da zafi da cunkoso suke raguwa. Idan Hajiyarka ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba, ku nemi mai gindi biyu da ake kira katamaran, domin bai cika tangaɗi ba.

Girka tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suke amfani da biza guda, saboda haka sai da biza, kuma ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kada ku biya cikakken kuɗin jirgi kafin bizar ta fito, sai in yarjejeniyar ta bayyana a rubuce abin da za a mayar muku idan aka hana ku.

Ɗan Mabera:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Zuciyata ta karkata ga hanyar Kos da Rodos a ƙarshen Satumba, sannan mu je Akrotiri a jirgin fasinja idan guzuri ya kai. Hajiya, don Allah ki ƙara mini haske a kan yadda ake rubuta sharaɗin abinci a cikin yarjejeniyar haya. Idan kuma akwai iyali daga Sakkwato da suke son mu haɗa kuɗin jirgi guda, ina maraba da su.