Taƙaitawa: kamen 'yan jarida a wurin zanga-zanga

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu kan 'yan jaridan da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 a Najeriya.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ɗaukar hoton abin da ke faruwa a titi ba laifi ba ne, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓar labari da yaɗa shi.
2. Ka rataya katin aikinka a wuya, ka sa rigar aiki, kar ka fita kai kaɗai.
3. Lambar lauya ka rubuta ta a takarda, don waya jami'an tsaro suke fara ƙwacewa.
4. Hotuna ka riƙa tura wa edita nan take kafin a tilasta ka gogewa.

Inda aka rabu kuma shi ne waye ɗan jarida. Wasu sun ce sai mai rajista da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, wato NUJ, ko ma'aikacin gidan rediyo ko jarida, wai 'yan soshiyal midiya ke jawo wa kowa bala'i da labaran ƙarya. Wasu suka ce a'a, aikin ake dubawa ba kati ba, yaron da ya tsaya da wayarsa yana ɗauka a Facebook shi ma shaida yake bayarwa, kuma irinsa akan kama da sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda ya shafi saƙonnin da ake yaɗawa ta intanet, tunda ba shi da mai tsaya masa. Ni wallahi nan na fi karkata.

Batun kwanciyar hankali in an kama ka kuwa, kowa ya yarda, kar ka sa hannu a takardar komai sai lauya ya zo.