Wace Hausa za mu ba brachial plexus?

Jama'a ku taya ni neman kalma ta brachial plexus, wato tarin jijiyoyin laka da ke kai saƙo daga wuya zuwa hannu. In ka ce wa majinyaci "jijiyar hannunka ce ta taɓu" wallahi ba ka gaya masa komai ba, don jijiya a bakinmu ta haɗa ta jini da agara da ta laka duk a kwando ɗaya.

Ga yadda abin yake. Jijiyoyi 5 ne ke fitowa daga laka ta wuya, likitoci na kiransu C5 zuwa T1 bisa gaɓar ƙashin bayan da kowace ke fitowa, su haɗe su zama 3, su rabu 6, su sake haɗewa 3 wajen hammata sannan su bazu har yatsu. Shi plexus ɗin ma a Latin abin da aka kitsa ake nufi. Na fara tunanin tufka, amma igiya in an tufke ta ba ta sake rabuwa, wannan kuwa haɗuwa da rabuwa ne, shi ya sa na tsaya kan kitson jijiyoyin hannu. Mai wadda ta fi ya kawo.

Inda na fi damuwa shi ne sunan raunin. Mai babur ya faɗi, kafaɗa ta daki ƙasa kai ya yi ɗaya gefen, ko jariri kafaɗarsa ta maƙale wurin haihuwa ka ga hannun na reto tafin ya juya baya, duk sai mu ce shanyewa, mutum ya koma gida ya zauna jira. Alhali muna da kalmomi uku zaune: jawuwa, tsinkewa, tsigewa.

Wadda ta jawu takan farfaɗo da kanta. Wadda ta tsinke ana yanko jijiya daga bayan ƙafa a cike giɓin, ni jonin jijiya nake ce masa, dashe ya fi kai hankali ga ƙoda. Wadda ta tsige daga laka kuwa ba a mayar da ita, sai dai aron jijiya, kamar aikin da likita Oberlin na Faransa ya ɓullo da shi a 1994, a tsago zare daga jijiya mai lafiya a ɗinka wa jijiyar tsokar damtse don gwiwar hannu ta sake lanƙwasuwa.

Kuma jijiya kusan milimita 1 take tsiro a rana, tsoka in ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo ba ta ƙara amsawa, shi ya sa ake son tiyata cikin wata 6 na farko. Don Allah masu aikin asibiti ku gwada "tsinkewa ce ko tsigewa" a bakin majinyata ku faɗa min ko suna kamawa.