Fari ko mai duhu? 'Yan Zazzau sun kaure a kan fenti

Ɗan Tudun Wada:
Filasta ta bushe, saura fenti,
Ruwan toka mai duhu nake marmari.
Yara su dafa da hannun miya,
Bango ya rufa asiri, babu garari.

Hajiyar Gyallesu:
Ƙanena, tagarka ɗaya ce tak,
Ka ƙara duhu, ɗaki ya zam kabari?
Fari ke maido da hasken rana,
Ko NEPA ta ɗauke kana ganin gari.

'Yar Samaru:
Hajiya ta gama magana! Allah ya ƙara basira, sauran duk 'yan rakiya ne.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, na ga farin falonki bara,
Jar ƙasa ta sa masa lalle tun da wuri.
Kullum kina bin sa da tsumma,
Wanki ya hana ki zuwa biki a gari.

Mai Fenti na Sabon Gari:
Ku saurara, wannan sana'ata ce.
Ƙurar hunturu a bango mai duhu ta fi yin fari.
Ran da ka gaji ka ce a mai da shi ruwan madara,
Shafi biyu ba ya rufewa sai uku, bokitin lita 20 ya ƙare da wuri.

Malam Na-Kongo:
Mai Fenti, ɗangonka na ƙarshe sai da na sha ruwa kafin in kai bakinsa. Kari ya karye tun daga "bokitin". Kuma "wuri" aro ka yi, Ɗan Tudun Wada ya riga ka.

'Yar Samaru:
To shi ma "gari" ai na Hajiya ya sata, me ya hana ka faɗa, Malam? Son kai!

Mai Fenti na Sabon Gari:
Malam mai auna ɗango da mudu,
Zaurenka bai ga fenti ba tun auren fari.
Ku sa mai mai, mai duhu, daga ƙasa zuwa ƙugu,
Sama mai ruwa, mai haske, a goge babu garari.

Malam Na-Kongo:
Ga "garari" ma an kwashe. Ɗango na biyu dai ya tsaya da ƙafarsa, amma zaurena farar ƙasa ce, kuma kai ka shafa ta.

Hajiyar Gyallesu:
Ku yi haƙuri, jiya ba caji.
Ƙanena, sauro ma duhu yake so,
Ka tanadi gidan sauro kafin damina ta zo gari.

Malam Na-Kongo:
Hajiya, ina sauran ɗango biyun?